Wane haɗi zai sa rairayin Damagaram ya riƙe ruwa da taki?

Ƴar Garin Malam:

Assalamu alaikum, masu garka. Tambayata a kan fangali shida ne a cikin gida, kowane faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 5, sai buhuna kamar 20 da ake son cikawa a dasa tumatir da tattasai. Ƙasar wurin rairayi ce zalla. A zuba arozuwar biyu, wato butar ban ruwa, da safe, kafin azahar ta bushe ƙayau. An barbaɗa busasshen kashin awaki, yau wata biyu yana nan ƙwaya-ƙwaya kamar ƴaƴan tasbaha, salatin kuwa ganyensa na ƙasa duk ya yi rawaya.

Ba takin zamani ake nema ba, ƙasar ake so ta yi rai, ta yi baƙi, ta riƙa ciyar da shuka da kanta. Abin da ke hannu shi ne kashin awaki da na kaji, karan hatsi, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, tokar murhu da garin gawayi. Rami ya fi ko tsibi? Nawa ake sa kowane? Toka tana shiga? Ita kuma ƙasar bola da masu amalanke ke kawowa, a saya ko a bari?

Ɗan Miriya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kashin awakin nan da kika ga bai narke ba, ba laifinsa ba ne. Abin da ke ruɓar da taki ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su kuma ba sa aiki sai da danshi. Taki a saman rairayi da rana bushewa kawai yake, ƙarfinsa na bin iska. Don haka aikin farko a dafa shi a wuri guda tukuna, sannan a kai wa fangali.

A garin nan rami ya fi tsibi. Ruwan saman da muke samu a shekara bai fi milimita 400 da ɗan wani abu ba, iskar hunturu kuma tana busar da tsibi cikin kwana biyu. A haƙa rami a inuwa, gindin bedi ko jikin katanga ta gabas, mita 1 faɗi, mita 1 tsawo, zurfi santimita 70, a cika shi har ya ɗaga santimita 30 a kan ƙasa. Kada ya gaza haka, domin kayan da ba su kai mita ɗaya ta kowane gefe ba ba sa ɗaukar zafi. A haƙa na biyu a gefensa a bar shi fanko, shi ne na juyi. Da damina kuma a yi wa bakinsa ɗan tudu kada ruwa ya kwanta a ciki.

Karan hatsin a daddatsa shi da adda, kowane yanki kamar tsawon yatsa ko tafin hannu, a jiƙa shi ya kwana. Wannan jiƙon ne mutane ke tsallakewa, shi ya sa bayan wata uku su buɗe rami su tarar da kara yana nan da sheƙinsa. Busasshen kara ruwa zamewa yake a bayansa. Kashin awakin ma a daka shi sama-sama a turmi ko a tattake shi bayan an yayyafa ruwa, ƙwayar ta fashe.

Jerin ga yadda yake. A ƙasan ramin a shimfiɗa kara mai kauri da ba a datsa ba, santimita 10, don iska. A kai, jiƙaƙƙen kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa santimita 20. Sai kashin dabbobi santimita 7 zuwa 10. Sai ɗanyen ganye gwargwadon abin da ya samu: ɓawon kayan miya, ganyen bedi, tafasa da ba ta yi ƴaƴa ba, ko tumfafiya, wadda ko da rani ɗanya take, amma a kiyaye nononta da ido. Sai a yafa ƙasa mai kyau cikin tafi biyu ko uku, a ba shi ruwa, a sake wani hawan. Hawa uku ya cika ramin. Idan da bokiti ake awo, bokiti uku na busassun kaya, bokiti ɗaya na kashi. Kashin kaji ya fi zafi nesa, shi rabin bokiti ya isa, sai dai in ya zo haɗe da garin katako na ɗakin kaji, to a ɗauke shi kamar na awaki.

Ruwan cikawar farko yakan kai tano guda, wato bido 8 masu lita 25. Na san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, amma sau ɗaya ne ake shan wannan wahalar, bayan nan bido ɗaya ko biyu a mako ya wadatar in an rufe da tsofaffin buhuna ko tabarma. Awon danshin a hannu yake: a damƙi kayan a matse, in ruwa ya ɗan tsattsafo tsakanin yatsu bai zuba ba, daidai ne. In ya zuba, ya yi yawa. In aka buɗe hannu ya warwatse, ƙishi yake ji. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko hatsi duk suna yi. Ruwan omo kada ya kusanci ramin, gishirinsa yana taruwa.

A soka ƙarfen gini a tsakiya a bar shi. Kwana na uku zuwa na biyar a zaro a taɓa: in ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, tukunya ta hau, cikin ramin yana tsakanin digiri 55 da 65. Wannan zafin ne ke kashe mafi yawan ƙwayar ciyawa da ke cikin kashin awaki, da mafi yawan cututtuka. Duk kwana 15 a juye kayan zuwa ɗaya ramin, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, a yayyafa ruwa inda ya bushe. Juyi uku, sannan a bar shi ya huce mako uku ko huɗu. Wata biyu da ƴan kwanaki zuwa biyu da rabi ke nan gaba ɗaya.

In ƙarfe ya fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In ya fito da sanyi a jiƙe kuma ba wari, kara ya rinjayi kashi, a ƙara na kaji a juya. Wari mai hawa hanci kamar na makewayi, kashi ne ya yi yawa, azot ɗin da ake nema, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, shi ne ke tashi, a ƙara ƙaiƙayi. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da kaya masu yauƙi, ruwa ya toshe iska, a baza shi ya sha iska yini guda. Farin abu kamar toka a tsakiya kuma alamar ya yi zafi ya bushe ne, yana ƙonewa a banza.

Kayan za su sauka su koma kusan rabi. Rami guda zai ba ki buruwet, wato baro, bakwai ko takwas, ya ishi fangali shidan nan har da buhunan.

Baban Gidimuni:

Ɗiyata, abin da yaron nan ya faɗa daidai ne, sai dai bai taɓo toka ba, ita kuwa ta kashe garka da yawa. Ƙasarmu iri biyu ce. Jigawa ta tudu tana da ɗan tsami, ita toka kaɗan tana gyara ta, tana ba ta potas, ɗaya daga cikin sinadaran abincin shuka. Ƙasar kwari kuwa, daga nan Gidimuni har kwarurrukan Gure, kanwa ke cikinta, toka kuma ƴar uwar kanwa ce. Ƙasar tsakar gida a birni, wadda aka shekara da shekaru ana zuba mata toka da ruwan wanki, ta fi kusa da ta kwari.

Ki ɗebi busasshiyar ƙasar fangalin a cokali, ki matsa mata lemun tsami. In ta yi kumfa tana tsuwa, kada toka ta shiga ko kaɗan. Haka in kina ganin farin ɓawo a bakin fangali bayan ban ruwa. In ba ta yi ba, gwangwanin tumatir ƙarami ɗaya a kowane hawa, kuma a kan kara za a barbaɗa, ba a kan kashi ba. Toka in ta haɗu da ɗanyen kashin kaji korar ƙarfinsa take, hancinki ma zai gaya miki.

Bola kuwa, ta dā ita ce taki, don shara ce da toka da kashin dabbobi. Ta yanzu leda ce da fasasshiyar kwalba da batir ɗin tocila. Ledar a tace ta da rariya ta fita, amma abin da batir ya zubar ba ya tatuwa, salati kuma ɗanye ake cinsa. In dole ne, a sa wa itatuwan inuwa da furanni. Abin da za a ci ganyensa, a'a.

Malamin Gona:

Baba ya gama magana a kan toka. Hajiya, ni a kan ita ƙasar zan tsaya, domin takin rami abinci ne kawai, rairayi kuma kwando ne. Kin zuba, ruwan ban ruwa ya wanke ya yi ƙasa da shi inda saiwar salati ba ta kaiwa. Yawancin jigawar yankin nan abin da ya ruɓa a cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, laka ma ƴar kaɗan ce. Sai an ba ta abin riƙo, kuma abu biyu ne ke yin wannan aikin: laka da gawayi.

Laka mafi sauƙin samu ita ce ƙasar tsohon suri da gara ta bari, domin daga can ƙasa gara ke haƙo ta. A daka, a tankaɗe, bokiti ɗaya mai lita 10 a kowane murabba'in mita, a cakuɗa da santimita 20 na sama. Sau ɗaya ake yi, ba kowace shekara ba. In aka zarce, ko aka bar ta a sama ba a cakuɗa ba, fangali yakan yi ɓawo kamar daɓe, iri ya kasa fasowa. Lakar busasshen tabkin daji ma tana yi. Ta tabkunan cikin gari a bar ta, kowa ya san abin da ke gangara musu.

Garin gawayin da kike da shi dukiya ne. Kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka, tana riƙe ruwa, ƙwayoyin halitta suna samun wurin fakewa, kuma ba ya ruɓewa da wuri kamar taki. Amma gawayin da aka zuba haka nan da yunwa yake zuwa, sai ya tsotse abincin da ke ƙasar, shuka ta yi rawaya wata guda ko fiye. A ɗauraye shi tokar ta fita, a zuba a ramin takin a juyi na farko, kashi ɗaya cikin goma na kayan. In rami ya riga ya nuna, a jiƙa gawayin a ruwan kashin awaki mako biyu. Girman ƙwayar kada ya wuce na wake.

Sai irin rai. Ƙasa cikin tafi da Ɗan Miriya ya ce a yafa, a ɗebo ta a gindin gawo, santimita 5 na sama. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi inuwa dabbobi su kwanta suna cin ƴaƴansa suna kashi, ga shi dangin wake ne, saiwarsa tana tara azot. Shi ya sa hatsin gindin gawo a Matamaye da Magariya ya fi na fili tsawo. Bokiti ɗaya ya ishi rami, kamar yadda ɗan tsami ke kama ƙwaryar nono. A nemi izinin mai gona, kuma kada a kwashe masa wuri guda.

Abin da kashin dabbobinmu bai cika wadatarwa ba shi ne fosfor, wani sinadarin abincin shuka, domin ciyawar da suka ci a ƙasar da ba ta da shi ta fito. Alamarsa shuka ta tsugune, bayan ganyen tumatir ya yi shuɗi-shuɗi mai ja. In an samu garin dutsen fosfat na Tawa, kilo 2 zuwa 3 a kan kilo 100 na kayan rami, tun a jerin farko, domin tsamin ruɓewa ne ke narkar da shi, in aka zuba shi kai tsaye a fangali jinkiri gare shi. In bai samu ba, ƙashin mahauta a ƙona shi har ya yi fari, a daka, tiya ɗaya a rami.

Awon fangali: shekarar farko kilo 4 zuwa 5 na nunannen taki a murabba'in mita, kusan bokiti guda ke nan, fangali mai mita 5 bokiti biyar. A haɗa da santimita 15 zuwa 20 na sama, a ba shi ruwa, a rufe da ƙaiƙayi, a jira kwana 10 kafin dashe. Daga shekara ta biyu kilo 2 zuwa 3 ya isa, kuma a sama za a shimfiɗa, a daina kifar da ƙasa. Akwai farin zare kamar saƙar gizo da ke bin saiwa yana jawo mata ruwa da fosfor daga inda ba ta kaiwa, duk saran fartanya mai zurfi yanka shi yake.

Na buhu haɗinsa daban, tunda saiwa ba ta da wurin gudu. Cikin awo goma: huɗu ƙasar wurin, uku nunannen taki, ɗaya ƙasar suri, ɗaya gawayin da ya ƙoshi, ɗaya ɓawon gyaɗa da ya fara ruɓewa. A huda ƙasan buhun wuri shida ko takwas. Tumatir guda yana son lita 20 na ƙasa, kada a cusa biyu. Duk mako uku a ƙara taki cikin tafi biyu a sama.

Kafin a amince taki ya nuna, a gwada. Nunanne baƙi-baƙi ne, yana da sanyi, yana ƙanshin ƙasar ruwan farko, ba a gane kara ko kashi a cikinsa. A cika gwangwani biyu, ɗaya da rabin taki rabin rairayi, ɗaya da rairayi zalla, a shuka ƙwayar lansir 20 a kowane. Cikin kwana huɗu ko biyar za a gani. In na takin ya gaza ɗayan a fitowa, ko saiwarsa ta yi gajere bakinta ya ƙone, a ƙara masa mako biyu.

Uwar Lambu:

Yaya, ƙari kaɗan a kan abin da malamai suka faɗa, don haɗa ƙasar ya fi raya ta sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu saman rairayin da ba a rufe ba yana wuce digiri 50 da rana, duk wahalar da aka sha a rami a nan take mutuwa. Fangali kada ya zauna tsirara. Ƙaiƙayi ko dakakken kara santimita 5 a sama, a ja shi baya yatsu uku daga gindin shuka don kada ya ruɓe. A sama kawai, kada a binne. Busasshen kara in aka turbuɗe shi, masu ruɓar da shi azot ɗin shuka suke ara, ganye ya yi rawaya, gara kuma ta biyo shi har saiwa. Wanda ke sama in gara ta ci a ƙyale ta, ramukanta hanyar ruwa ne, sai a ƙara wani.

Ko ba shuka a fangali, arozuwar ɗaya a mako a ƙarƙashin rufin. Da damina a watsa wake, in ya fara fure a yanke shi daga gindi a bar saiwar a ciki. Ki tuge guda ki fasa ƙullutun da ke jikin saiwar, in cikinsa ja-ja ne yana aiki.

Amma a bambance shi da wani ƙullutun. Na wake a gefen saiwa yake maƙale, da farce ake ɓalle shi. In saiwar tumatir ko kuɓewa ce da kanta ta kumbura gaɓa-gaɓa, shuka na yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe, wannan tsutsar saiwa ce, kuma rairayi gidanta ne. Irin wannan saiwar wuta za a sa mata, kada ta shiga rami. A daka ƴaƴan bedi, gram 150 zuwa 200 a murabba'in mita, a haɗa da ƙasa mako biyu kafin dashe, sannan a bi fangalin da albasa ko tafarnuwa, kada a maimaita tumatir, tattasai ko yalo a wurin. Jiji da kiri-kiri ma ba sa shiga rami, zafin gefe ba ya kashe su.

Ɗanyen kashi kuma kada ya taɓa fangalin salati ko karoti. A ƙa'idar noman da ba sinadari ta Amurka, kwana 120 ake bari tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, salatinmu kuwa kwana 40 da dashe an fara tsinka.

Ƴar Garin Malam:

Allah ya saka da alheri, Baba, na gode malamai. An matsa lemun tsami, ta ɗan yi kumfa, don haka toka ta fita. Saura biyu. Salatin da ke fangali yanzu, akwai abin da zai cece shi kafin rami ya nuna? Sannan a tsohon tarin kashin awakin akwai fararen tsutsotsi masu kauri, naɗe kamar ƙugiya. A bar su?

Ɗan Miriya:

Gwazarma ce, Hajiya. A cikin tari ba ta da laifi, ci take tana niƙa kayan. Amma lokacin kai taki fangali a tankaɗe da raga mai idon santimita 1, a tsince ta a watsa wa kaji, don wasu irinta suna cin saiwa, kuma da ido ba a rabe su. Abin da ya rage a kan raga a mayar da shi sabon rami.

Salatin kuma a taimake shi da ruwan taki. Tsohon kashin awakin nan, wanda ya shekara ba sabo ba, tiya biyu a ƙulle a buhu, a jefa a ruwa lita 20, a riƙa motsawa safe da yamma kwana biyar. A ɗebi kofi ɗaya a sirka da kofi biyar na ruwa, ya yi kalar shayi marar ƙarfi, a zuba a gindi da yamma bayan an yi ban ruwa, kada ya taɓa ganye. Sau ɗaya a mako, a tsaya mako biyu kafin tsinka, a kuma wanke ganyen sosai. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai dawo ba, a cire shi, sabon toho za a duba. Tunda ƙasar ta yi kumfa, kafin a fara a yi wa kowane fangali ban ruwa mai nauyi sau ɗaya, arozuwar goma a jere, gishirin ya sauka ƙasa da saiwa, sannan a rufe da ƙaiƙayi tun ƙasar ba ta sha iska ba.